Sofa da kushin: wanne ya kamata in saya wa amarya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki, sai mai shago ya nuna mini saitin kujeru biyu, ya ce wannan kushin ne, wancan kuma sofa, kuma ya tsauwala wa sofar kuɗi. Shin da gaske akwai bambanci? Daga wata uwa a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sanya alheri. Kalmar sofa, duk da kamannin Turanci da take yi a bakin 'yan kasuwa, asalinta Larabci ce, wato suffa, wadda ke nufin wuri mai ɗan tudu ko rumfa da ake shimfiɗa a zauna, kusan abin da muke kira dakali. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san Ahlus Suffa, sahabban da ke kwana a rumfar masallacin Annabi (SAW) a Madina, cikinsu har da Abu Huraira. Daga Larabawa kalmar ta shiga bakin Turkawa, ta isa Turai, ta zauna a Ingilishi a ƙarni na 17, har ta koma sunan doguwar kujera mai laushi. Kushin kuwa a Turanci matashi ne kawai, mu ne muka mayar da shi sunan kujerar gaba ɗaya.

Saboda haka, a kasuwarmu sunayen biyu abu ɗaya suke nufi, kuma ban ga dalilin da za ki biya kuɗin suna ba. Ki sa a kifa kujerar a gabanki ki duba katakon da ke ƙarƙashinta, domin ɗanyen katako yakan kantare, mai rauni kuma gara ba ta raga masa. Sannan ki zauna sosai ki miƙe. Idan soson bai dawo yadda yake nan take ba, to kafin a yi sunan ɗan fari zai lotsa. Batun yadi ma abin lura ne, domin leda mai ƙyalli tana ɓarewa a zafin bazara irin namu, mai gashi-gashi kuma yana shan ƙurar hunturu.

Ki kuma auna ƙofar ɗakin amarya kafin ki biya, domin na taɓa ganin kujera mai zaman mutum uku ta kwana a tsakar gida, dangi na tsaye ana neman kafinta.