Amsa ga Kawu: ƙwallon jami'a ba ta da kasuwa a Boston

Kawu, ina gaisuwa. Kun ce kun ga filin wata jami'a ta Amurka a talabijin ya cika maƙil, shi ne kuke tambaya ko mu ma a Boston haka muke yi ranar Asabar. Ina! Irin wannan ƙwallon, wadda ake rungumarta a ruga a guje, kasuwarta tana kudu ne da tsakiyar ƙasar. Filin Jami'ar Alabama yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. Na Jami'ar Harvard da ke kusa da mu ko kashi ɗaya cikin uku na wannan bai kai ba, kuma ba kasafai yake cika ba sai in ƙungiyar Jami'ar Yale ce ta zo.

Alhali a wannan ɓangare na ƙasar aka haifi wasan. Jami'o'in Rutgers da Princeton ne suka fara karawa a 1869, Harvard kuma ta gina filinta tun 1903. Su da kansu suka ja baya. A 1945 jami'o'i takwas da ake kira Ivy League, ciki har da Harvard da Yale da Princeton, suka yi yarjejeniya cewa ba a ba ɗalibi tallafin karatu don ya iya ƙwallo. In gidansu ba hali a taimaka masa, amma sai ya shigo da sakamakon jarrabawa mai kyau. To yaron da Alabama ke zawarcinsa, ga karatu kyauta, ga talabijin kowane mako, ga hanyar shiga NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta wannan ƙwallon, me zai kawo shi nan? Wasu ma rufe shagon suka yi gaba ɗaya saboda tsada: Jami'ar Boston a 1997, Northeastern a 2009.

Sai dai ni ban yarda boko kaɗai ne ya jawo ba, duk da mutanen nan suna son a faɗi haka don ya fi daɗin ji. Jami'ar Michigan ai ba baya ba ce wajen ilimi, ga filinta na cin mutum sama da 107,000. Jihar Alabama ba ta da ƙungiyar NFL ko ɗaya, don haka direban babbar mota da bai taɓa shiga aji a jami'ar ba yana jin ƙungiyar tasa ce, kamar yadda Bakano ke ji da Pillars. Boston kuwa jami'o'i birjik, ɗalibai daga ko'ina a duniya, suna gamawa su watse. Ɗan gari kuma zuciyarsa na wajen ƙungiyoyin ƙwararru na yankin: Patriots ta NFL, Celtics ta ƙwallon kwando da Red Sox ta wasan baseball. Boston College, wata jami'a daban da har yanzu take da ƙungiya, na ta fama, amma jaridu sai sun gama da waɗancan suke tunawa da ita.

Mu Hausawan nan kuwa, safiyar Asabar ta gasar Firimiya ce. Yaranmu da aka haifa a nan Patriots suke bi, amma da wuya ku ga uwar da za ta sa hannu a takardar makaranta ɗanta ya shiga wasan, saboda labarin raunin ƙwaƙwalwa da ake yawan ji. Ƙwallon kwando ko ta ƙafa ake tura su.