Kafin ka zana komai, ka san GDP ɗin da kake raba da shi

Ka ce in nuna maka inda ake samo alƙaluman rara da giɓin ɓangarorin tattalin arzikin ƙasa, da yadda ake zana su a matsayin kaso na GDP, wato jimillar darajar abin da ƙasa ke samarwa a shekara. To ajiye wayar nan ka saurara, ɗana.

Ɓangarori uku ne: gwamnati, masu zaman kansu na cikin gida, da ƙasashen waje. In ka haɗa ragowar ukun dole su tashi sifili, domin giɓin wani rarar wani ce. Ba zan ɓata bakina a kan wannan ba. Da wannan lissafin Wynne Godley, masanin tattalin arzikin nan ɗan Ingila, ya yi gargaɗi a 1999, lokacin da gwamnatin Amurka ke murnar rarar kasafi, cewa gidaje da kamfanoni ne ke nutsewa cikin bashi. Samo alƙaluman Amurka ma ba aiki ba ne: babban bankinsu na fitar da rahoton kai-komon kuɗi mai suna Z.1 duk wata uku, kuma komai na nan a shafin ƙididdiga na intanet mai suna FRED. Shi ya sa ku yaran yanzu kuke son shi, danna biyu kun gama, sai ku ɗauka kun iya. Na Najeriya ne aiki, kuma a kansa aka cuce ni.

A farkon 2014 wani mai kamfanin ba da shawara ya zo mini, yana son zanen ɓangarori ukun na shekaru masu yawa don wani taro da 'yan banki. Muka yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami, sauran sai an gama. Na duƙufa. Ɓangaren waje na ɗauko daga kundin ƙididdiga na Babban Bankin Najeriya, a dala yake, na mayar da shi naira shekara bayan shekara. Na gwamnati kuwa ban yarda da giɓin tarayya kaɗai ba, don jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 su ma kashe kuɗi suke, sai na gwada shi da alƙaluman da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ke fitarwa a Afrilu da Oktoba. Na masu zaman kansu babu mai buga maka shi, abin da ya rage ne bayan ka cire biyun. Aiki ya yi kyau, wallahi ko yau ba na jin kunyarsa. Ya ce in turo masa fayil ɗin Excel gaba ɗaya, wai yaronsa zai gyara launuka.

Sai ga Afrilu, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta ma'aunin GDP, ta mayar da shekarar tushe, wato shekarar da ake ɗora awon a kanta, daga 1990 zuwa 2010. GDP na 2013 ya tashi daga kusan naira tiriliyan 42 zuwa sama da tiriliyan 80, muka wuce Afirka ta Kudu. Mutumin nan ya kira ni, wai aikina ya mutu, ba zai biya ciko ba. Na ce Alhaji, nairorin giɓin ba su canza ba, abin da ake raba su da shi ne ya canza, ka bari in gyara layin gaba ɗaya. Ya ce ba shi da lokaci, ya kashe waya.

Bayan 'yan watanni wani abokina ya miƙo mini ɗan littafin taron. Ga zanena, da sunan kamfaninsa a ƙasa. Yaron nasa ya sa sabon GDP daga 2010, ya bar tsoho a shekarun baya, sai giɓin ya zama kamar ya ragu ƙwarai a shekara guda, har da rubutun yabon tsimin gwamnati a gefe. Layin ƙasashen waje kuma sun goge shi, wai ya cika shafi. Zanen da ba ya tashi sifili! Kuɗina har yau bai biya ba, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda suka san hannuna sun riƙa tambayata ko ni na yi wannan ɗanyen aiki.

Saboda haka GDP ɗaya daga farkon layi har ƙarshe, kuma ka sani an sake sabunta shi a 2025, tushe ya koma 2019. Ka rubuta a ƙasan zanen farashin dalar da ka yi amfani da shi, domin kafin Yunin 2023 farashi ba ɗaya ba ne. Ka kuma rubuta cewa na masu zaman kansu ragowa ne, duk kuskuren sauran biyun a kansa yake sauka. Ginshiƙai za ka yi, rara sama da layin sifili, giɓi ƙasa. In sama da ƙasa ba su yi daidai ba, ka manta juya alamar ɓangaren waje ne, domin rararmu a hulɗa da waje giɓinsu ce, kada ma ka kawo mini.

Mai aiki kuma hoto kawai za ka tura masa, fayil sai kuɗi sun shiga. Tashi ka sauko da kundin Babban Banki, ka fara daga 2010, gobe da safe ina son gani.