Tambaya da Amsa: Shirin Ziyarar Gandun Dajin Gashaka-Gumti

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Zariya. Bara na kai iyalina Yankari mun ji daɗi ƙwarai, yanzu kuma yara sun matsa sai mun je Gashaka-Gumti a hutun watan Agusta. Za mu tafi tare da mahaifina, wanda ya manyanta. Shin ƙaramar motata za ta kai mu, kuma me ya kamata mu tanada? Daga wani mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ta farko ita ce ka ba yara haƙuri a ɗage tafiyar daga Agusta, domin lokacin damina ta yi tsakiya a kudancin Taraba, koguna irin su Kam da Gashaka sun cika sun tumbatsa, hanyoyin cikin dajin kuwa, waɗanda ba su da kwalta, sun zama taɓo. Daga Disamba zuwa Maris ne ake shiga cikin sauƙi, lokacin da ruwa ya janye, ciyawa ta bushe, dabbobi kuma suke taruwa a bakin kogi. Hutun ƙarshen shekara zai dace da ku, sai dai hazon hunturu yakan rufe duwatsu a wasu ranaku.

Abu na biyu, kada ka auna wannan wuri da Yankari. A can mutum yana zaune cikin mota a zagaya da shi, ya dawo ya yi wanka a Wikki. A nan kuwa ƙafa ce abin hawa. Gashaka-Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har iyakar Kamaru, kuma a 1991 aka haɗe gandayen Gashaka da Gumti aka mayar da su guda. Ɓangaren Gumti da ke arewa fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, amma kurmi da duwatsun da ake yi wa doguwar tafiya suna kudu, ta wajen Gashaka.

Hanyarku ita ce Jalingo, sai Bali, sai Serti inda hedikwatar gandun take, a kan titin da ke hawa tsaunin Mambila. Motarka za ta iya kai ku Serti idan lafiyarta ƙalau, amma daga nan sai babbar mota mai ƙarfi irin Hilux. Ka tuntuɓi ofishin gandun tun kafin ku bar gida, ka tambayi kuɗin shiga da masauki da halin tsaro a makon, kada kuma ku yi tafiyar dare. Ba a shiga dajin sai da ma'aikacin gandun a matsayin ɗan jagora, kuma wannan doka ba ta son gardama, saboda a kurmi itatuwa kan haɗe sama su tare rana har baƙo ya kasa bambanta gabas da yamma.

Game da dabbobi, gara yara su san gaskiya tun daga gida. Dajin ya shahara da manyan biran nan da mutanen yankin suke kira biri mai ganga, waɗanda masu bincike suka daɗe suna bibiya a sansanin Kwano, amma suna da tsoron mutum, kuma sau da yawa abin da baƙo zai samu shi ne ihunsu da bugun saiwoyin itace da asuba, ko sheƙar ganye da suka kwana a ciki can ƙololuwar bishiya. Gwaggon biri da tsuntsaye kam ba sa wuyar gani, akwai kuma wani gurbi a kogin Kam da aka sani da dorinar ruwa.

Ku tanadi takalman da ƙafa ta saba da su, da riguna masu dogon hannu, amma ban da baƙi ko shuɗi domin su ne launukan da ke jawo ƙudan tsando. Ku haɗa da gidan sauro, tocila, maganin zazzaɓin cizon sauro, rigunan sanyi, abinci busasshe da tsabar kuɗi, tunda sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a ciki.

Shi kuwa Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, ina ganin ya yada zango a ƙauyen Gashaka tare da ƙananan yara, inda za su iya zuwa bakin kogi, masu ƙarfin gwiwa kuma su leƙa kufan sansanin da Jamusawa suka bari a kan tudu. Hawan Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Nijeriya mai mita 2,419, tafiyar kwanaki ce a ƙafa da 'yan dako da kwanan tanti, saboda haka ka ware masa wata tafiya dabam da abokanka majiya ƙarfi.