Tsohon layin dogo na Bukuru

Malam, ka tambayi wane jirgi ne ya fara isa tashar Bukuru da abin da ya kawo shi. Haƙar kuza ce. Kafin nan 'yan dako da jakuna ke jigilar kayan. Turawa suka shimfiɗo siririn layi daga Zariya, ya iso Bukuru a 1914. Da babban layi ya zo ta Kafanchan a 1927, sai kaya suka koma bin hanyar Fatakwal. Ƙaramin ya yi ta lallaɓawa har aka rufe shi a 1957.

A nan ake ruɗewa: ana ce masa layin Bauchi, amma bai taɓa shiga garin Bauchi ba, lardin ake nufi. In taswira da takardun tashar kake nema, leƙa ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.