Harba fistol babu harsashi: yana lalata ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni jami'in tsaro ne a Gombe, an ba ni fistol mai cin harsashin 9mm. Wani na gaba da ni ya ce in daina ɗana ta ina jan kunama babu harsashi, wai allurar za ta karye. Ni kuma ina so in riƙa gwada hannuna. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Yallaɓai. Maganarsa tana da tushe, amma ba kowace bindiga ta shafa ba. Abin dubawa shi ne inda allura, wato siririn ƙarfen da ke tayar da harsashi, take dukansa.

Harsashin 9mm a tsakiyar gindinsa ake dukansa. Idan babu shi, allurar ba ta samun abin duka a gabanta, sai ta tsaya a mazauninta. Fistol na zamani irin su Glock da SIG Sauer suna jure wannan. Glock ma ba ta kwancuwa sai an ja kunama tana wofi. Sai dai idan ja ya kai dubbai, ƙarfe yana gajiya. A CZ 75B, alal misali, wata 'yar ƙusa da ke riƙe allurar ce take shan dukan, kuma takan karye. Tsofaffin bindigogi masu allura a jikin guduma su ma a kiyaye su.

Inda na gaba da kai ya yi daidai sosai shi ne masu cin harsashin .22. Su a gefen gindi ake duka, tagullar kwanson mai taushi ce take tare allurar. Babu kwanso, ƙarfe ya daki ƙarfe: bakin allura ya dakushe, leɓen ramin harsashi ya lotsa. Daga nan sai kwanso ya fara maƙalewa, ko ka ja ta ƙi tashi.

Maganin duka shi ne harsashin bogi, wanda ba shi da albarushi, a gindinsa akwai roba ko waya mai lanƙwasa da ke shanye dukan. Ka nemi na 9mm wurin mai kula da ma'ajiyar makamanku, ka kuma duba littafin bindigar. Idan robar ta rarake a canja.

Abin da ya fi damun mu ba allura ba ne, rai ne. Bindigar da aka ce "ai babu komai a ciki" ita ce take yin ɓarna. Mutum ya ja murfin sama baya, harsashi ya faɗo, sannan ya zare magazin, wato gidan harsasai, bai san murfin ya riga ya tura wani sabo ciki ba. Don haka magazin ake fara zarewa. Sannan ka ja murfin baya sau biyu ko uku, ka kulle shi a buɗe, ka leƙa ramin da ido, ka zura ɗan yatsa ka taɓa. Harsasai na gaske ka kai su wani ɗaki, ba aljihu ba.

Ka saita bakinta ga abin da zai tare harsashi, kamar buhunan yashi. Ƙofar langa-langa ko bulon siminti mai rami ba abin dogaro ba ne, ga yara suna wasa a tsakar gida. Minti 10 zuwa 15 na gwaji sun isa. Idan aka kira ka ko waya ta katse ka, sake dubawa daga farko. Da ka gama ka ajiye ta, kada ka ce bari in ƙara ɗaya bayan ka mayar da magazin.

Kada kuma ka zuba mai a ramin allura. Da ƙurar hunturun Gombe sai ya zama taɓo, allurar ta yi nauyi, ranar aiki ta kasa fasa harsashi.