Ga mai tambaya kan furanni da tsuntsayen bakin ruwa a Landan

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce tun da kika iso Landan a Nuwamba ba ki ga komai ba sai itatuwa babu ganye, kina tambaya yaushe furanni za su fito, kuma waɗanne tsuntsaye ne yaranki ke gani a tafkin unguwa. Na daɗe a garin nan, kuma shawarata ita ce kada ki zauna a ɗaka kina jiran sanyi ya tafi. Furannin farko a cikin sanyin suke fitowa.

Tun ƙarshen Janairu wani ɗan farin fure mai sunkuyar da kai yake ɓullowa a gindin itatuwa, 'yan ƙasar na kiransa snowdrop. Gajere ne ƙwarai, in ba ki duba ƙasa ba sai ki wuce shi. A Fabrairu kurokas ke biyo baya, wani shunayya, wani fari, wani ruwan ɗorawa; yana buɗewa idan rana ta leƙo, ya rufe da ta ɓuya. A Maris kuma dafodil, fure mai ruwan ɗorawa, ya cika ko'ina. Shi wannan ki kula da shi saboda yara: saiwarsa kamar albasa take, amma guba ce, kada a ajiye ta kusa da kayan miya.

Tsuntsayen kuwa, agwagwa mai koren kai shi ne namijin, macen ruwan ƙasa ce. Baƙin nan mai farin goshi daban yake da kazar ruwa mai jan baki, ko da yake tare ake ganin su. Babban farin nan mai dogon wuya, siwan, in ya fara sheƙa a Afrilu kada yara su matsa kusa, yana kai hari. Ki kai su Regent's Park su ga zalɓe, wanda ke yin sheƙa a saman itatuwan tsibirin tafkin tun Fabrairu. A St James's Park akwai kwasakwasa. Tun 1664 ake kiwon su a wurin, lokacin da jakadan Rasha ya kawo su kyauta ga Sarki Charles na biyu.

Amma wanda ni nake jira duk shekara shi ne wata 'yar tsattsewa mai ruwan ƙasa da ke haƙa rami a gaɓar kogi. Tana isowa a Maris, kafin sauran 'yan'uwanta, bayan ta yi hunturu a yankin Sahel ta ƙetaro Sahara. Haka ma wata ƙaramar agwagwa mai farin zane a saman ido, irin waɗanda ke cika fadamun Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi lokacin hunturu. Ita ba ta da yawa a nan, sai an dace, amma ana iya samunta a London Wetland Centre da ke Barnes. Wallahi ganinsu yana rage mini kewar gida fiye da yadda zan iya faɗa.

In za ku ba tsuntsayen tafkin abinci, ku rage burodi, yana cika musu ciki ba tare da amfani sosai ba, ragowar kuma tana ɓata ruwa. Ku tafi da masara, ko koren wake, ko shinkafa. Ki fita da hantsi, ki sa wa yara takalmin roba, don bakin ruwa taɓo ne har cikin Afrilu.