Tambayi Likita: Abin da jini ke faɗa kafin ciwo ya fito fili

Malam Sani, Unguwar Rogo: Likita, mahaifina da yayata duk suna da ciwon suga. Ni dai lafiyata ƙalau. Na ji an ce akwai gwajin da ke hango ciwon tun bai zo ba. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, Malam Sani. Duk abin da muka ci, jiki yana sarrafa shi ya bar ɓurɓushinsa a jini, kuma ɓurɓushin nan kan canza tun mutum bai ji komai ba. A 2011 masu binciken Framingham a Amurka sun gano cewa waɗanda wasu sinadarai guda biyar na amino asid (tubalan da ke gina furotin) suka yi yawa a jininsu sun fi kamuwa da suga, alamar kuwa tana bayyana kusan shekara 12 kafin ciwon. Sai dai wannan gwaji bai shigo aikin asibiti na yau da kullum ba. Abin da ke gabanka mai sauƙi ne: ka je a auna maka suga da safe kafin ka karya kumallo. A ma'aunin mg/dL, ƙasa da 100 lafiya lau. Daga 100 zuwa 125 ciwon ya tsaya a bakin ƙofa, kuma a nan ne rage tumbi da tafiyar ƙafa kullum suke mayar da shi baya. In ya kai 126 har sau biyu, suga ce. Akwai kuma HbA1c, mai nuna yadda sugar ta kasance cikin wata uku. Amma in kana da sikila ka gaya wa likita, domin wannan gwajin yana iya ɓatar da lissafi ga mai sikila.

Hajiya Binta, Bukuru: An ce kitse ya yi yawa a jinina, alhali ni siririya ce. Ta yaya?

Hajiya, kitsen jini daban, ƙiba daban. Na sha ganin mace kamar tsinke da kwalastaral (wani nau'in kitsen jini) mai yawa, sau da yawa gado ne. Ki duba takardar: LDL shi ne mai liƙewa a bangon jijiya ya toshe hanyar zuciya. Ɗayan, tirigiliserid, ana so ya zauna ƙasa da 150, kuma abin da mutane ba su sani ba shi ne lemon kwalba, shayi mai suga cokali huɗu da farin burodi suna ɗaga shi ko da ba a taɓa mai ba. Ki kai wa likitanki takardar, kada ki sayi magani a kemis da kanki.

Wani matashi daga Tudun Wada: Wai tsire yana jawo ciwon zuciya?

Ƙananan halittun bakteriya da ke cikin hanji suna sarrafa wani abu da ke cikin jan nama, hanta ta mayar da shi wani sinadari da ake kira TMAO, kuma an ga alaƙa tsakanin yawansa da ciwon zuciya. Tsinke biyu jefi-jefi ba laifi, ɗana. Na kowane dare ne nake tsoro.

Maman Khalifa, Gangare: Mijina ya samu shanyewar ɓarin jiki yana shekara 48. Wane gwajin jini zan yi wa kaina?

Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ki ladan jinya. Ki auna suga da kitse da aikin ƙoda. Amma wallahi abin da ya fi damuna ba a allura ake ɗibarsa ba. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo wannan ciwo, ya kuma nuna masu cin ganye kullum sun fi tsira. Mu da muke Jos, ga kabeji da alayyahu da latas jibge a Farin Gada, ba mu da uzuri. Ki rage gishiri da dunƙulen miya. Ki auna hawan jininki makon nan, kina zaune kin huta minti biyar, kuma in ya kai 140 bisa 90 a rana biyu daban-daban, ki ga likita. Shi ma maigidan kada ya ajiye maganinsa don ya ji sauƙi.